Gidan da Rana Ba Ta Shiga

Har yau in na tuna gidan nan da muka fara zama a Ƙaura sai raina ya ɓaci, kuma ba mutum ɗaya nake jin haushi ba. Ina jin haushin mai gidan, ina jin haushin surukar ɗiyata, amma in aka gama rabon laifi, kaso mai tsoka nawa ne.

Mu mutanen wani ƙauye ne bayan Moriki. Shekarar da 'yan bindiga suka kore mana shanu, suka dawo suka ce ko geronmu ba mu yankewa sai da izininsu, muka tattara ya-namu-ya-namu muka yo Ƙaura Namoda. Ni ce, da ɗiyata, da mijinta, da jaririnsu ɗan wata uku. Maigidana ya riga mu gidan gaskiya tun kafin wannan masifa, Allah ya hutar da shi ganinta.

Gidan da muka samu, mai shi ya ga mutane na ta kwararowa daga ƙasar Zurmi, sai ya yayyanka tsakar gida ya fitar da ɗakuna. Ɗan lungun da ya rage ya sa aka rufe shi da kwano ruf, wai don ruwan sama. Ko tsakar rana in allura ta faɗi sai an kunna tocila. Ni kuwa da na gani har hamdala na yi. Ni dama mutuniyar ɗaka ce, ko a ƙauye sai biki ko mutuwa ke fitar da ni. Na ƙare ƙuruciyata rana na dukan ƙeyata wajen sussuka da ɗiban ruwa. Na ce yau ga inuwa Allah ya kawo, mu sha abinmu. Kuma wa zai bar yaro ya leƙa waje a zamanin da ake ɗauke mutane? Muka kulle kanmu.

Yaron ɗan fari ne, kun san yadda abin yake a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In ta ba shi nono ma sai ta juya wa ƙofa baya. Ni na koya wa ɗiyata wannan kunyar, kamar yadda aka koya mini, har ina alfahari in na ji mata na cewa ɗiyar Inna ba a fi ta alkunya ba. Saboda haka rainon yaron ya dawo hannuna kacokan. Kullum yana bayana, zani ɗaure, hijabi a sama. Da aka yaye shi, abincinsa koko da safe, tuwon dawa da dare. Nonon shanu, wanda a gida har kare muke zuba wa, ya zama abin da muke jin labarinsa.

Ya yi wuyar tashi tsaye. Da ya fara takawa kuma, bai daɗe ba ya daina. In na tsayar da shi sai ya ɓarke da kuka ya zube. Kansa kullum jiƙe da zufa, wuyan hannuwansa sun yi kauri kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata. Ni kuwa sai tsokanarsa nake yi irin ta kaka da jika.

"Kai wanga miji nawa rago na! Wa za ka noma wa gero a zaune? In ba ka tashi ba sakina za ka yi, in nemi mai ƙahwa."

Ya yi dariya, ni ma in yi. Ashe ƙashin yaro ne ke lanƙwashewa ina yi masa waƙa. Sai da ya haura shekara biyu, ranar nan ina yi masa wanka na haska tocila, na ga ƙafafun sun buɗe sun yi baka. Har a lokacin cewa na yi gado ne, ai akwai wani kawun ubansa mai irin tafiyar nan.

Sai ga kakar yaron ta wajen uba ta zo daga Shinkafi ganin gida. Hajiya mace ce mai faɗa a ji, a gidanta ba a maimaita magana. Ta ɗaga yaron ta hammata, ta dubi ƙafafun, ta dubi ɗiyata sama da ƙasa.

"Wanga aikin iska na. Ko kuwa nonon uwar na bai da kyau. Mu dai a zuri'armu ba a haihwar haka."

Na haɗiye maganar kawun nan, don zaman lafiya. Ta buɗe jaka ta fito da wata kwalba da ta saya wajen mai maganin lasifika a kasuwar Alhamis. Ruwa ne baƙi mai ɗaci, wai yana maganin iska da basir da shawara da ciwon ƙashi, har da rashin haihuwa. Muka ɗura wa yaro kwana huɗu, ba abin da ya ƙaru sai zawo. Da ta ga haka ta yanke hukunci: ta aika wa wani wanzami, ranar Juma'a da hantsi zai zo ya yi wa yaron lalas. Za a gasa ƙarfe ya yi ja, a ɗoɗana masa a gwiwoyi da idon sawu, iskar ta fita.

Uban yaron ya sunkuyar da kai ya ce to. Ɗan kabu-kabu ne, mutumin kirki, amma gaban uwarsa ba shi da baki. Ni ma ban hana ba. Na ga an yi wa mutane lalas a ƙauye, wasu sun ce sun ji sauƙi.

Ranar Laraba ina tsince wake a ɗakina, ɗiyata ta shigo ta zauna ta sa hannu a faifan. Ta daɗe tana tsinta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce:

"Inna, abin nan naki. Da kin kai shi asibiti kahin Juma'a."

"Wane abu?"

"Wanda kike goyo."

Na dube ta. Hawaye na ɗiga cikin waken.

"Tun yaushe kika lura?"

"Tun damina waccan. In kun yi barcin rana nakan buɗe ƙahwahun in duba."

Wata nawa ke nan! Yarinya na kallon ƙafar ɗanta na karkacewa, ta kasa buɗe baki ta gaya wa uwar da ta haife ta, don kada a ce ba ta da kunya. Na ji kamar in mare ta, sai na tuna wa ya koya mata. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba.

Washegari na goya yaron na fita, na ce wa Hajiya za ni dubiya. Shekara biyu a Ƙaura ban san hanyar ko'ina ba. Da na fito ƙofar gida hasken ya soke mini ido, yaron kuwa ya cusa fuska a bayana yana ihu, don bai san abin ba. Da tambaya na kai wani ƙaramin asibiti. Na samu wata nas, ba za ta girmi ɗiyata ba, mai baki kamar reza. Ta tuɓe shi, ta latsa wuyan hannun, ta shafa haƙarƙarin, ta haɗa masa dugadugai ta dubi ratar da ke tsakanin gwiwoyin.

"Inna, a rami kuke zaune?"

"Wane irin rami, ɗiyar nan? Gidan siminti na, har da rufi."

"Yaushe rabon rana ta taɓa jikin yaron nan?"

Na laluba, na laluba, ban tuna rana ɗaya ba.

Ta ja kujera ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai wani sinadari, bitamin D, fatar mutum ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta. Shi ke sa ƙashi ya riƙe abin da ke cikin nono da kifi ya yi ƙwari. In babu rana, ga kuma babu nono, ƙashin yaro sai ya zama kamar ɗanyen kara, nauyin jikinsa ya tanƙwara shi. Ta ce in riƙa fitar da shi da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, ya ɗan sha rana, kafin ta yi zafi in mayar da shi inuwa. In nemi nono ko kaɗan ne, in daka ƙananan busassun kifi har da ƙayarsu in zuba a miya, in dafa masa ƙwai.

"Ƙwai? Ki ce in ba yaro ƙwai ya tashi ɓarawo?"

Ta ajiye biro ta dube ni.

"Inna, waɗanda suka kore muku shanu, ƙwai aka ba su?"

Matan da ke layi suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ba don ina so ba. Ta ba ni magani na ɗigawa da wani na tsotsa, ta ce rana kaɗai ba ta isa ba tunda abin ya yi nisa, kuma in dawo da shi likita ya gani. Da na gaya mata zancen lalas, fuskarta ta canza. Ta ce ƙuna kawai za a ƙara masa a kan ciwo, wuta ba ta miƙe ƙashi.

Duk hanyar dawowa ina ta faɗa ni kaɗai. Mu da muke shanya kuɓewa da barkono da kuka, mu da muka san hatsin da bai sha rana ba ruɓewa yake yi, a ce sai wata yarinya ta gaya mana ɗan mutum ma yana so? Abin da Allah ya zuba mana kyauta, har muna ƙorafin ya yi yawa, shi muka rufe da kwano muka je muna sayen baƙin ruwa a kwalba.

Juma'a uban yaron ya buga babur tun asuba, wai yana da fasinja zuwa Kasuwar Daji. Na san gudu ya yi. Da hantsi wanzami ya yi sallama da zabirarsa, Hajiya ta sa aka hura gawayi a lungun. Na fito na zayyana mata abin da nas ta ce, tun daga rana har ƙwai.

"Rana? Inna, rana ta zama magani? To mu je mu shanya shi bisa rufi awa kilishi!"

"Ko kilishin na, ya fi a gasa shi awa tsire."

"Jikana na, ɗan ɗana. Ni ka cewa a yi."

"Ni kuwa bayana ya san nauyinshi. Ke sau nawa kika wanke mishi kashi?"

Matan gidan, 'yan haya irinmu, suka firfito, kowa na riƙe da baki. Wanzamin ya duƙa yana juya ƙarfensa a wuta kamar ba da shi ake ba. Yaron na zaune a tabarma tsakaninmu yana kallon gawayin. Hajiya ta miƙa hannu za ta ɗauke shi. Gaskiya ban san yadda za mu ƙare ba, don ta fi ni ƙarfi, kuma a al'ada ta fi ni iko da shi.

Sai ɗiyata ta fito daga ɗaki. Ta ratsa tsakaninmu, ta kira yaron da sunansa na yanka, da ƙarfi, gaban surukarta da wanzami da kowa. Ta sunkuce shi ta rungume a ƙirji.

"Hajiya, ki gahwarce ni. Ɗana na. Ba a ƙona shi."

Yaron da kansa ya tsaya yana kallonta, don bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wanzamin ya zare ƙarfensa ya tsoma a ruwa, ya ce shi ba ya aiki inda uwa ta ce a'a, ya rataya zabira ya fita. Hajiya ta ce an haifi marar kunya, kuma ta ga inda ta gado. Kafin a sauko daga masallaci ta hau motar Shinkafi.

Na roƙi mai gidan ya cire mana ko falle ɗaya na kwanon. Ya ce in rana muke so mu koma ƙauyenmu, akwai ta da yawa. Allah ya isa tsakanina da wannan magana. Sai na ɗauki tabarma na koma ƙofar gida. Kullum da hantsi, ni da ba a san fuskata a unguwa ba, ina zaune bakin hanya da yaro daga shi sai ɗan wando. Maza na wucewa suna kallo, wani har ya tambaya ko bara muke. Na ce eh, wajen Allah. Ba a yi wata ba sai ga matan gidan suna miƙo mini nasu, don da suka duba da kyau, biyu cikinsu su ma ƙafafun sun fara.

Wajen wata na huɗu ya dafa bango ya miƙe bai yi kuka ba. Bayan nan ya taka. Yanzu shekararsa biyar, mun bar gidan, yana gudu har sai na yi masa tsawa. Ƙafar dama ta miƙe sarai. Ta hagu har yau da ɗan saura, in ya gaji yana jefa ta. Likita ya ce mai yiwuwa ta ƙarasa miƙewa in yana girma, mai yiwuwa kuma ta tsaya haka. Da an kai shi tun daminar da uwarsa ta fara gani, da ba a kai ga wannan ba.

Hajiya ta huce, ta zo da sallar bara. Ta ga yaron ya sheƙo a guje ya faɗa jikinta, ta shafa gwiwoyin, lafiyayyu ba tabo ko ɗaya. Ta juyo ta dube ni.

"Kin gani ko, Inna? Na ce miki maganin kwalbar nan sannu yake aiki."

Uwarsa ta kira shi da sunansa ta ce ya zo ya ci ƙwansa kafin ya huce.