Sauke Tankin A-kori-kurar Gidanmu

Saƙon Gwaggo ya iso gidanmu a Tsafe ne ta bakin wani mai sayar da dawa, don a lokacin waya ba ta shiga ƙauyensu. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, tana aure a wani ɗan ƙauye can bayan Bungudu. Saƙon bai da tsawo. Mutanen garin sun yanke shawarar tashi, saboda 'yan bindiga sun fara shiga ƙauyukan da ke kusa da su, kuma tana so a zo a kwashe mata hatsi da kayan ɗaki tun hanya tana biyuwa.

Ni ina Gusau a lokacin, ina ɗinki a wani shago kusa da kasuwa. Da Baba ya sa aka kira ni, tasha na fara zuwa neman direba. Duk wanda na ambata wa sunan ƙauyen sai ya girgiza kai, ya ce in yi haƙuri. Ban ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa. Na hau bas na zo Tsafe, na iske Baba a zaure, na gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "To, sai mu tada ta gida."

Ta gida wata farar a-kori-kura ce da ta tsufa a hannunmu. Baba ya yi shekaru yana jigilar hatsi da ita tsakanin Bilbis da Tsafe da Gusau, har yanar ido ta hana shi gani, ya miƙa wa yayana makulli. Yaya ya ci gaba da aikin har ciwon hanta ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba. Tun rasuwarsa motar take ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ba wanda ya ce kada a taɓa ta, ba kuma wanda ya taɓa ta. Ruwan damina ya sauka a kanta, kaji suka mayar da bayanta wurin kwana. Inna kuwa in za ta fita unguwa, ta ɗaya gefen take bi.

Wani makanike maƙwabcinmu ya zo da batir na aro, ya hura tayoyi, ya ɗan zuba mai, inji ya tashi bayan tari mai yawa. Ban gama murna ba na ji Baba yana cewa, "Kashe ta. Mai na zuba." Hancinsa ya riga idanunmu. Muka leƙa, sai ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin mota. Makaniken ya kwanta ya duba, ya fito yana goge hannu. Ya ce tsatsa ta cinye cikin tankin, ya zama kamar rariya, walda ba za ta kama shi ba. Tiyon da ke kai mai daga bakin zubawa zuwa tanki shi ma ya bushe ya tsattsage. Shi kuma yana da tafiya zuwa Funtuwa da ba zai iya fasawa ba. Ya bar mana akwatin sifanoninsa da jak, ya nuna mini da yatsa notunan da zan kwance.

Na koma Gusau wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Na sami tanki irin namu, na girgiza shi ban ji motsin tsatsa ba, na haska cikinsa da fitilar waya, na ga da sauran ransa. Tiyo kam sabo na saya, baƙi mai kauri, da ƙarafan ɗaure shi. Aka ɗaure mini tankin a saman bas, na dawo ina ta ɗaga kai duk sanda muka faɗa rami.

Da safe Baba ya kira Inna. "Yau kada a hura wuta cikin gidan ga," in ji shi. Ta ce to, ta kwashi tukwanenta zuwa gidan maƙwabta. Ya sa na cire kan batir, na tsiyaye ragowar man a jarka. Abin da ya fito ba mai ba ne sosai, wani jan ruwa ne mai laka. Na ɗaga motar da jak, muka tokare ta da guntayen itace, na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. Ban yi zaton zai biyo ni ba. Sai na ji yana cire babbar riga, yana laluben gefen mota, har ya kwanta kusa da ni.

"Baba, ka bari mana. Ka gaya mini daga nan, ni zan yi."

"Daga nan mi zan gani? Matsa kaɗan."

Haka muka yi aikin, ni da ido, shi da hannu. Zai bi ƙarfe da yatsu har ya kai kan noti, ya ce wannan, ni kuma in sa sifana. Wasu ƙarafa biyu ne suka rungume tankin kamar ɗamara, notunansu sun haɗe da tsatsa. Muka zuba musu man birki muka jira ya jiƙa. Ɗaya ya yarda. Ɗayan ya ƙi, na danna da ƙarfi, sifana ta zame, na fasa bayan yatsuna a jikin ƙarfe. Baba ya ji ƙarar, ya ce sannu, ya kama hannun ya shafa ya ji jini, ya yagi tsumma ya ɗaure mini. Rabon da ya riƙe hannuna haka tun ina ƙarami. Da zarto muka yanke notin daga baya, a hankali, yana ta tuna mini in riƙa zuba ruwa don kada ƙarfen ya yi zafi.

Na zare ƙananan tiyon da ke kai mai inji, na cire wayar ma'aunin mai. Tsohon babban tiyon bai jira a kwance shi ba, ina murɗawa ya karye a hannuna kamar busasshen rake. Muka tallabi tankin da gwiwoyi da tafin hannu, muka sauke shi a kan ƙirjinmu, ƙasa da tsatsa suna zubo mana a fuska, sannan muka turo shi waje.

Baba ya zauna a ƙasa ya jawo tankin gabansa, yana shafa shi ko'ina. A wata kusurwa hannunsa ya tsaya. Wani faci ne na gam da aka liƙe rami da shi, ya bushe ya yi tauri kamar dutse, kuma a tsakiyarsa akwai lotsawar babban yatsa, inda mai liƙin ya danna ya riƙe har ya kama.

"Ba ni na yi wanga ba," in ji Baba.

Na ce, "Yaya ne. Na tuna ya ce ta taɓa yi masa yoyo a hanyar Bilbis."

"Bai gaya mini ba."

Ya ɗora nasa yatsan a wurin, ya bar shi. Inna ta fito da ruwan sha a kwano, ta tsaya, ta dubi tankin ta dubi mijinta. Ta ajiye kwanon, ta zauna a kan dakalin da ta daina zama tun rasuwar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Muka zauna mu uku. Can Baba ya yi wa Yaya addu'a a hankali, muka shafa, ya ce, "Tashi, rana na yi."

Ɗaga sabon tankin ya fi sauke tsohon wuya, don sai ramukan sun dace da juna. Na ɗaura ƙarafan, na mayar da ƙananan tiyo da waya. Babban tiyon ya ƙi shiga wuyan tanki, bakinsa ya yi tsauri. Baba ya aika a karɓo ruwan zafi daga inda Inna ke girki, muka tsoma bakin har ya yi laushi, na shafa sabulu a ciki, na tura ina murzawa, ya shige. Na ɗaure sama da ƙasa. Ya bi ɗaurin da yatsa ya ce in ƙara kaɗan, in ya yi yawa kuma zai yanka robar. Muka zuba mai ta mazurari, na shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashi, muka jira. Ko ɗigo babu. Baba ya sunkuya ya shaƙi iska, ya gyaɗa kai.

Washegari bayan asuba Baba ya sa hularsa ya ce da shi za a je. Inna ta ce mutumin da ba ya gani me zai yi a can. Ya ce, "Ƙanwata ce. Kuma yaron ga bai san inda ake ratsewa ba." Muka wuce Gusau, muka kai Bungudu, muka sauka daga kwalta. Da ramuka da gangara yake gane inda muke. Zai ce nan gaba akwai tsamiya, ka bi hagu, sai kuwa in ga tsamiyar. Mun wuce gonaki da aka bar kara a tsaye ba a yanka ba. Duk babur da na hango daga nesa sai in kafa masa ido har ya wuce.

Mun iske Gwaggo ta gama ɗaure kaya. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce, "Yaya, da kanka?" Ya ce, "Da wa zan aiko?" Mijinta da wasu maza suka taya ni loda buhunan gero da dawa, da turmi, da gado, da tukwane, da akuya biyu. Na tada mota, sai na ga Gwaggo ta koma ciki. Na leƙa, na same ta da tsintsiya tana share ɗakin da babu komai a cikinsa. Na buɗe baki zan ce mata lokaci na tafiya, Baba ya kira ni daga mota ya ce in ƙyale ta. Ta share tas har bakin ƙofa, ta jingine tsintsiyar a bango, ta fito.

Muna shirin tashi wata mata mai goyo ta riƙe ƙofar mota, ta ce ko za mu dawo, nasu hatsin yana rumbu. Ina neman yadda zan ba ta haƙuri, Baba ya ce, "Gobe in Allah ya so." Muka kuwa koma. Mun yi ta komawa har ranar da wani mai babur ya tare mu a Bungudu ya ce kada mu shiga. Daga nan ba mu sake ba.

Gwaggo da mijinta suka zauna a ɗakin da ke bayan gidanmu a Tsafe, da niyyar kafin damina za su koma. Damina ta zo ta wuce. Mijin ya ari babur sau ɗaya ya je ya duba. Ya dawo da la'asar, ya yi alwala, ya zauna kusa da Baba a zaure. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Ya ce rufin ɗakin ya faɗa, ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gida, amma rijiya tana nan da ruwanta. Ta ce, "To," ta koma ciki ta ɗora tuwo.