Jirgin Ciyawa da Ya Ɗauki Casib

A kan geimar faɗanmu da Casib ya tashi. Ranar kasuwa ce. Na dafa madarar ɓauna, na kwashe samanta mai kaurin nan da muke kira geimar na zuba a kwanuka, na jera a gaban kwale-kwalena. Ina kwance igiya sai na ji muryarsa a bayana.

"Ummu Lafta, ai hanyarmu ɗaya."

Kafin in buɗe baki ya zuro ƙafa. Ƙafa ɗaya tak. Gefen jirgin ya sunkuya ya kurɓi ruwa, kwanukan suka bi juna a jere kamar 'ya'yan agwagwa, ni kuma na rufa musu baya. Da na ɗago kai, geimar tana yawo fari fat, kifaye suna walima, shi kuwa yana tsaye a gaɓa yana tambayata ko na ji ciwo.

"Casib," na ce, "mutum ne yake cewa hanyarmu ɗaya. Kaya jira yake a ɗauke shi. Kai kuwa kaya ne tun ranar da aka haife ka."

Ya juya ya tafi. Shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba, alhali tsakanin tsibirin gidana da nasa bai wuce jifan takalmi ba. In ya yi atishawa, ɓakanena ne suke firgita.

Gaskiyar da ke cikin maganar ce ta yi masa zafi. A fadamarmu yaro yana riƙe filafili kafin ya iya tafiya sosai, amma Casib ɗan Mnati bai taɓa tuƙa kansa ba. Yana ɗan shekara bakwai ya karya haƙarƙarin jirgin ubansa da zama kawai. Kafin ya kai goma sha biyu, duk wanda ya hango shi sai ya ce jirginsa yana yoyo. Sai ya nemi wuri ya zauna ya koyi saƙar tabarmar kara, sana'ar da ba ta son mai yawo. Ya kuwa iya. Tabarmar Casib, ko ruwa ka zuba sai ya yi shawara kafin ya wuce, fatake har daga Basra suke zuwa nemanta.

Allah ya haɗa shi da Sabiha, mace siririya kamar karan da take yanka. Shekara ashirin da shida tana tsaye a gindin babban jirginsu da gora a hannu, shi yana tsakiya a kan matashi, rungume da butar shayi kamar amarya. Mutane suna yi masa dariya, shi ma ya taya su, don muddin Sabiha tana tsaye a bayansa babu abin da yake shiga jikinsa. Da ta rasu, 'yarsu ɗaya tilo, Badriyya, ta karɓi gorar. Daga baya Badriyya ta yi aure can ƙauyen Ummu Dibis, cikin tsakiyar kara, tafiyar rabin yini. Casib ya zama tulu ba mariƙi, sai wanda ya ji tausayi ya ɗauka. Ta haka ya kai ga geimar ɗina.

A bazarar da nake ba da labari ruwa ya janye da wuri. Wani mai kifi ya kawo saƙo cewa Badriyya ta shiga watanta, tana kuka tana cewa ba ta da uwa, a turo mata ubanta. Hanyar Ummu Dibis kuwa ta riga ta tsuke, babban jirgi ba ya wucewa, sai kwale-kwalen mutum ɗaya. Masu zuwa suka ce nan da kwana ashirin shi ma sai dai a kan laka, kuma ba za ta sake buɗewa ba sai ruwan hunturu ya sauko.

Ina wurin Usta Zahrun maƙerin jirage, ana yi wa nawa sabuwar kwalta, sai ga mai kifin ya sauke Casib daga jirgin inji. Ya gaida kowa har da karen Zahrun, ni ya tsallake ni.

"Usta, jirgin mutum ɗaya nake so."

Zahrun ya dube shi daga rawani har ƙafa, bai yi gaggawa ba. "Mutum ɗayan yana ina, Abu Badriyya?"

"Ga shi a gabanka."

"To. Na ɗauka wakili aka turo."

Casib ya wuce kai tsaye wurin wani siriri baƙi wuluk, mai dogon hanci a lanƙwashe, irin na masu farautar agwagwa. Ya shafa shi kamar ya ga doki. Zahrun ya karyo kara, ya gwada faɗin jirgin, ya zagaya ya gwada faɗin Casib ta baya, sai ya ɗaga karan sama don kowa ya ga ragowar.

"Wannan taƙi ɗayan da ya yi saura, a ina za mu ajiye shi? Ko za ka bar shi a gida?"

"Zan matse."

Ya kuwa matse. Maza uku suka riƙe jirgin ya durƙusa a ciki, suka saki. Bai kife ba, don ba shi da wurin kifewa. Sauka ya yi a hankali, tiryan-tiryan, Casib yana riƙe da filafili yana kallon gaba da mutunci, har ruwa ya kai masa ƙirji. Da aka zo fito da shi, jirgin ya ƙi rabuwa da shi, sai da Zahrun ya shafa masa man kifi a kwankwaso.

Aka kawo na biyu, mai ɗan faɗi. Ya durƙusa can gindi, inda maza suke durƙusawa. Hancin jirgin ya tashi sama kamar zalɓe yana haɗiyar kifi, iska ta kama shi, ya yi ta juyi wuri ɗaya. Duk zagayen da ya yi sai ya sake ganinmu, mu ma mu sake ganinsa.

"In ka gaji da gaishe mu ka faɗa," in ji Zahrun.

Da aka jawo shi, Zahrun ya ba shi shayi ya faɗa masa gaskiya. Jirgin da zai ɗauke shi sai mai faɗin ciki, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, mai tsayin gefe. Zai iya ƙera masa, amma kwana arba'in.

"Ashirin nake da su, Usta."

"To, a duk fadamar nan shiryayye ɗaya na sani." Ya nuna nawa da haɓa, yana kife, kwalta tana tururi.

Jirgina jirgin ciyawa ne, irin wanda mu mata muke lodawa abincin ɓakane har mutum ya ɓace a bayan kaya. Namiji ba ya tuƙa shi. Ba wanda ya hana, amma wanda ya yi, jikokinsa ma za su ji labari.

"Gara in nutse," in ji Casib, yana kallon Zahrun.

"Ai ka gwada wannan ɗazu," na ce, ni ma ina kallon Zahrun.

Kwana huɗu ina jin motsinsa. Yakan fito ya soka kara a ruwa ya duba inda ya tsaya, ya koma. A rana ta biyar da hantsi ina toya gurasar shinkafa, sai ga ɓaunarsa tana iyo zuwa gidana, ga Casib a baya riƙe da wutsiyarta, rawani a naɗe a ka ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ya hau tsibirina, na ji gidan ya karkata.

"Ummu Lafta, ina kwana."

"Shekara biyu ana kwana, yau ka tuna tambaya?"

"Kaya ne ya zo," in ji shi, kansa a ƙasa. "A ɗora shi."

Na yi niyyar in ja masa rai har la'asar. Amma ni na karɓi haihuwar Badriyya da hannuna, ni na yi wa Sabiha wanka. Na miƙa masa gurasa na ce ya ci a tsaye, mu fara.

Jirgin ya ɗauke shi, har da sauran taƙi biyu a saman ruwa. Matsalar wurin zama ce. A tsakiya jirgin ya yi faɗi, shi ma ya yi faɗi, filafili ba ya kai ruwa. In ya ja baya inda hannu zai kai, hanci ya tashi. Sai an sa nauyi a gaba. Dutse kuwa a ƙasarmu, sai dai ka ji labarinsa wurin waɗanda suka je Hajji. Muka cika buhu da laka, ta narke ta bi shi har gwiwa. Muka sa buhun shinkafa, ya yi kaɗan, ga shi ya jiƙe. Ya dube ni ta gefen ido.

"Kada ma ka fara," na ce. "Wa zai tatsar mini ɓakane?"

Shi ne ya tuna da maraƙar da yake kiwo don ya ba Badriyya in ta haihu. Muka ɗaure mata ƙafafu, muka kwantar da ita a gaba kan ciyawa. Jirgi ya zauna daram kamar an gwada da ma'auni. Kwana shida ina tsaye a gaɓa ina koya masa, shi da maraƙa suna zagaya gidana. Ya buge mini turken kaji sau biyu. Ya koyi cewa ba da ƙarfi ake tuƙi ba, don duk sanda ya sa ƙarfinsa sai su shige cikin kara su biyu, maraƙa tana cin abin da ta samu.

Ranar tafiya duk ƙauyen ya fito, kowa a bakin gidansa.

"Abu Badriyya, wanne ne za a bayar kyauta a cikinku?"

"Ka mance mayafinka, 'yar'uwa."

"In ka ga ciyawa mai kyau ka yanko mana."

Kunnuwansa suka yi ja, amma bai waiwaya ba. Ya shige lungun kara yana tafiya kamar maye, hagu, dama, har muka daina jin kukan maraƙa.

Bayan kwana uku mai kifi ya kawo labari. Casib ya isa bayan magariba, tafiyar rabin yini ta zame masa yini guda, ya fita ya tura jirgi cikin laka sau huɗu. Washegari Badriyya ta haifi mace, yana zaune a bakin ƙofa yana kuka ya fi jaririyar. Ya miƙa maraƙa a gaban surukai, aka yi godiya, aka sa albarka.

"To yaushe zai dawo mini da jirgi?" na ce.

Mai kifi ya yi ta dariya har ya zauna. Sai a lokacin na gane. Kwana shida muna lissafin zuwa, ni da nake ganin na fi kowa wayo, ba wanda ya yi tunanin dawowa. Kyautar haihuwa in an bayar ba a sake karɓarta, ba a ma aronta, kunya ce har kabari. Casib ya gwada fitowa ba maraƙa, ya yi juyi a gaban surukansa har suka jawo shi da igiya. Kafin a sami dabara hanya ta rufe.

Wata biyar ina aron jirgin kishiyar ƙanwata, matar da ko gishiri ta ba ka sai ta ba da labari. Da ruwa ya dawo na bi mai kifi zuwa Ummu Dibis, bakina cike da maganar da na tanada.

Na tarar da shi ya ƙara ƙiba. Ya kafa saƙarsa a inuwa, jaririyar tana kwance a kan cikinsa tana hawa da sauka da numfashinsa. Mutanen wurin kuwa sun mayar da shi ɗan gata. Duk shekara sai an shimfiɗa sabon kara a kan tsibirin gida an tattake don kada ya nutse, aikin maza biyar na yini biyu. Casib yakan gama shi kafin shayi ya huce. Gida-gida ake gayyatarsa, a soya masa kifi, shi dai ya yi ta tafiya yana hira.

Da ya gan ni ya miƙa wa Badriyya yarinyar, ya ɗauko ƙunshin kayansa.

"Na riƙe miki jirgi, Ummu Lafta, ki yafe. Ki zauna a gaba, nauyinku ɗaya da maraƙar. Yau ni zan kai ki gida."

Yana magana, idonsa yana kan jaririyar. Badriyya ta juya baya tana gyaran abin da ba ya bukatar gyara. Na tuna gidansa, ba komai ciki sai butar Sabiha, ɓaunarsa ma tuni ta koma cikin nawa.

Daga wannan rana ban sake ganinsa ba. Shekara uku ya yi a can, da ya rasu maza takwas suka ɗauke shi zuwa makabartar Najaf, aka ce sun yi canji sau biyu. Amma a ranar da nake faɗa, ina shiga jirgina sai na ga ya ɗaga ƙafa zai zura, wannan ƙafar dai da na sani. Na sa filafili na ture gaɓa.

"Mayar da ƙafarka, Casib," na ce. "Ni ba maraƙa ba ce. Shekara hamsin ana neman inda za a sauke ka, yau da aka samu ba ni zan sake ɗauka ba. Koma ka riƙe musu yarinya."