Shekarar da Samfefa Ta Cinye Zanen Yatsuna

Shekarar da aka rufe makarantarmu ta ƙauye, can gaba da Gidan Goga, na rasa inda zan sa kaina. Na daɗe ina koyar da 'yan aji huɗu a wurin. Da hare-haren 'yan bindiga suka yi yawa, mutanen garin suka watse, mu kuma malamai aka ce mu dakata har a neme mu. Na kai matata da 'ya'yanmu uku gidan iyayenta a Bakura. Gidan cike yake da waɗanda suka gudo kamar mu, kuma ba tsari ba ne magidanci ya tare a gidan surukai. Sai na kama ɗaki a Talata Mafara, a bayan wani garejin fentin mota.

Ɗakin shago ne a da. Daga tabarma sai buta sai jakar kayana. In na dawo sallar asuba, babu abin da ke jirana har azahar. Na saba da hayaniyar yara, wannan ya kawo ƙarar wancan, ga shi yanzu ina yini ba wanda ya tambaye ni komai. Sai in fito in zauna a kan benci ƙarƙashin dogon yaro, ina kallon mai garejin yana aiki.

Dattijo ne siriri, farcensa ba ya rabuwa da fenti. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun tafi haƙar zinariya sun bar shi shi kaɗai. Gaisuwarsa doguwa ce, sai ya tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, amma da ta ƙare, maganarsa ta ƙare ke nan. Wata ranar Talata ya ɗago daga jikin wata mota ya ce, "Malam, tunda zaune kake, ko za ka shiga kasuwa ka sawo muna samfefa?"

Na miƙe da sauri kamar da ma jira nake. Ban tambaye shi wace iri ba, don a zatona samfefa guda ce a duniya. Na ratsa kasuwa har rumfar masu kayan kafinta, na sayo ja-ja guda biyar, na dawo ina jin na yi abin kai. Dattijon ya karɓi ɗaya, ya tsoma a bokitin ruwa. Nan take yashin ya zube, takardar ta narke a hannunsa.

"Wagga ta katako ta," ya ce. "Ta mota baƙa ta, ruwa ba ya yi mata komi."

Bai yi dariya ba. Da ya yi, da na fi jin sauƙi. Na koma kasuwa da rana tsaka, wannan karon wurin wani mai sayar da kayan gyaran mota. Ya zaro takardu baƙaƙe ya juya bayansu, ya nuna mini lambobi. Ya ce mai ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, mai babbar lamba ita ce mai laushi. Na ce ai kamar an juya lissafin. Ya ce in shafa in ji. Mai lamba tamanin ta kusa kankare mini fata, mai ɗari huɗu kuwa kamar bayan ganye. Ya kuma koya mini in riƙa lanƙwasa gefen takarda kafin in saya, in yashin ya tsage ya zubo, marar kyau ce. Na ɗauki iri uku. Wannan ce hira mafi tsawo da na yi da wani a makon nan.

Washegari dattijon ya miƙo mini guntun tsohon silifa, ya nuna mini yadda ake naɗa samfefa a jikinsa don guga ta tafi daidai. Motar da ke gabanmu tsohuwar motar haya ce mai jigila zuwa Gusau. An buga ƙofofinta an miƙar, ya shafe ramukan da wani farin ƙulli da ke daskarewa kamar dutse. Aikina in fara da mai kaushi a bushe, in cinye tsatsa, in daidaita ƙullin da jikin ƙarfe, sannan in bi da matsakaiciya. In ya fesa fentin farko mai ruwan toka ya bushe, sai in bi da mai laushi, ina tsomawa a ruwan sabulu, har jikin ya yi sumul.

In na ce na gama, sai ya zo ya kawar da kai gefe, ya bi wurin da tafin hannu. "Akwai saura nan. Bar dubawa da ido, Malam, shafa za ka yi."

A hankali na gane abin da yake nufi. Sai na fara ajiye silifan, musamman a lungunan ƙofa da gefen fitila, ina guga da yatsuna kai tsaye, don sun fi jin inda tudu yake. Ya hana ni sau ɗaya, ban ji ba, bai sake magana ba. Duk ranar da ya tafi Gusau haɗo fenti, ni kaɗai nake yini da motar. Babu abin da ake ji sai ƙarar guga da ɗigar ruwa mai toka yana bin taya. Ban san lokacin da na fara kiran sunayen 'yan ajina a zuci ba, bi da bi, yadda suke a rajista, daga na farko har na ƙarshe. In na zo kan wani sai in tsaya ina tunanin ko ina iyayensa suka nufa. In na kai ƙarshe in sake ɗaukowa daga farko.

Bayan wata biyu kan yatsuna ya yi ja, ya yi santsi, fatar ta zama kamar ta albasa. Ban gaya wa matata aikin da nake yi ba. Ranar Juma'a nakan je Bakura, a shimfiɗa mini tabarma a zaure kamar baƙo, yara su zo su gaishe ni su koma wasa, in juyo kafin la'asar saboda hanya. Wata Juma'a ta kawo mini tuwo da zafinsa, na sa hannu na janye da sauri, na ce a ba ni cokali. Ta dube ni, don ta san ban taɓa cin tuwo da cokali ba. Ta kama hannun ta juya.

"Malam, mi ya samu hannunka?"

Na gaya mata. Ta buɗe baki za ta yi magana sai ga ƙanin babanta ya shigo da baƙi, ta saki hannun ta ja mayafi ta shige ciki. Da zan tafi, babbar 'yata ta kawo mini man kaɗe a gwangwanin madara, ta ce in ji Inna.

Cikin bazara aka aiko cewa duk malamai su hallara a Maradun don tantancewa. Na yi murna ƙwarai. Na wanke farar rigata tun ana saura kwana biyu, don zan ga abokan aikina da rabona da su tun ranar da muka watse. Na same su a layi. Muka gaisa, muka yi wa juna jaje, aka lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda aka ɗauke aka sako. Amma kowa hankalinsa na kan hanya, duk wanda aka sallama sai ya ɗaga hannu ya nufi tasha.

Da layi ya zo kaina, ma'aikacin ya duba takarduna ya ce in ɗora babban yatsa a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa. Na ɗora, ta kawo ja. Ya ce in goga a goshi in sake. Ta sake kawo ja. Muka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. Ya ja hannuna wajen taga ya duba, ya ce, "Malam, ai babu zane ko kaɗan. Wuta ta ƙone ka?"

Na ce samfefa ce. Na bayana suka yi dariya, ba da mugunta ba. Wani ya ce ashe Malam ya zama ɗan gareji. Ma'aikacin ya ce ba abin da zai iya yi, in daina aikin, in dawo bayan mako uku, zanen yana dawowa. Da na fito, babu ko ɗaya daga cikin mutanen makarantarmu a harabar. Na sayi ruwa na sha a tsaye, na nemi motar Mafara.

Da na gaya wa dattijon, ya dubi nasa yatsun ya ce shi ma rabon da wata na'ura ta gane shi har ya manta. Ya karɓe bokitin daga hannuna. Makonni ukun nan sun fi mini kowane lokaci tsawo. Na koma benci ina kallonsa yana guga shi kaɗai, yana dafa ƙugu in ya miƙe. Safe da yamma ina shafa man kaɗe, ina kai yatsa kusa da ido ina neman zane. Daga baya ya ga zaman ya ishe ni, ya ba ni aikin rufe gilasai da tsofaffin jaridu kafin feshi. Nakan karance kowace kafin in manna, har tallace-tallacen.

A cikin waɗannan kwanaki aka fesa wa wata mota da na goge rabinta shuɗin fenti. Mai ita ya zo ya zagaya ta sau biyu, ya ga fuskarsa a jikin ƙofa, ya yi ta sa wa dattijon albarka. Dattijon ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga wanda ya yi guga." Mutumin ya ce mini sannu, ya tayar da motarsa.

Da mako uku ya cika na koma Maradun. Babu layi, ni kaɗai ne. Na ɗora yatsa, a karo na biyu ta kawo kore. Ma'aikacin ya buga hatimi ya miƙo mini takarda.

Da damina ta kankama aka tura ni wata makaranta a gefen Bakura, na samu ɗaki biyu na kwaso iyalina. Ranar da zan bar Mafara na naɗe tabarmata na zagayo gareji don in yi sallama. Na tarar ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya tayar da inji, ya ɗaure hanci da ƙyalle yana feshi. In an fara feshi ba a tsayawa sai an kai ƙarshe, in ba haka ba fentin ya yi tabo. Na matso, ya yi mini alama da hannu in ja baya kada in tayar da ƙura. Na tsaya daga nesa da kayana a ka, ina jira. Direban motar Bakura da ke jirana a bakin titi ya yi ta danna oda, fasinjoji sun cika saura ni. Na bar sallahu wurin mai shayin bakin titi, ya gaya wa dattijon Malam ya wuce, ya gode, zai leƙo ranar kasuwa.