Muryar Mai Katifa

A unguwarmu ba wanda ke kiransa da sunansa. Mai Katifa ake ce masa, ko da yake bai taɓa sayar da katifa ba. Muryarsa ce ke sayarwa. Ka shiga shagon aski ko motar haya, za ka ji ta a rediyo, mai laushi kamar an shafa mata mai: "Kwanta, ɗan'uwa, duniya za ta jira ka." Da ita yake ciyar da gidansa tun da ƙungiyarsu ta wasan barkwanci ta watse, kowa ya kama gabansa.

Shi kuwa mai sa mutane kwanciya ba ya iya zama wuri ɗaya. Yana cin abinci yana kaɗa ƙafa. In ya zauna a ƙofar gida, kafin ka gama gaishe shi ya miƙe.

Abin ya ƙaru a satin da Darakta ya kira shi. Darakta ne tsohon shugabansu, yanzu da sanda yake tafiya. Ya ce su haɗu su ɗauki wasa guda, su yi wa tashoshin rediyo na 'yan kasuwa shaƙiyanci: gidan wani na cin wuta, ya bugo waya tasha neman taimako, aka ce ya dakata a saurari talla. Mai Katifa ne zai yi tallar.

"Malam," in ji matarsa, "ka san manajan tasharku ba ya dariya. Ranar da ya ji kana yi wa tallarsa ba'a, ranar zai nemi wata murya."

"Zan canja ta. Da har kukan jariri nake yi."

"Da ke nan."

Ɗakin ɗaukar magana ƙarami ne, an manna kwalin ƙwai a bango, an kashe fanka saboda ƙara. A cikin tsofaffin 'yan ƙungiyar, Gajere ne zai fito a mai gobara. Goggo ce mai gabatar da shiri, ita da tun tana budurwa take fitowa a tsohuwa, yanzu kuwa ta ce ta huta da shafa wa kanta farin alli. Suka yi ta tsokanar juna kan furfura da haƙoran da suka tafi. Mai Katifa kaɗai ke zagaye da makirufo, takalminsa na ƙara, har mai na'ura ya roƙe shi ya cire.

Da aka zo wurinsa ya yi tallar ta hanci. Ba wanda ya yi dariya. Ya sake da muryar tsoho. Ya gwada ta mace. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

"Wannan murya," in ji Gajere, "ko ruwa ba za ta sayar wa mai ƙishi ba."

Darakta ya dube shi a hankali. "Abokina, me kake ɓoyewa? Duk gari ya san ka."

Mai Katifa ya juya. Ya fita ba takalmi, ya bi baranda ya dawo, ya sauka bene har bakin ƙofa. Maigadi na gyangyaɗi a kan busasshen benci, wuyansa a karkace, ƙaramar rediyo a cinyarsa. Sai ga muryarsa ta talla ta fito daga rediyon, tana lallashin bawan Allahn nan ya kwanta. Mai Katifa bai taɓa tsayawa ya ji ta har ƙarshe ba, kullum sauri yake ya wuce. Ranar ya tsaya. Murya ce mai kyau, kuma abin dariya ce, ya daɗe da sanin haka a can ƙasan ransa.

Ya koma sama. Gajere ya kama ihu cewa wuta ta kai falo. Goggo ta ce, "Ka riƙe mana wutar nan, yanzu za mu dawo." Mai Katifa ya matso, ya lumshe ido.

"Kwanta, ɗan'uwa, duniya za ta jira ka."

Gajere ya zame daga kujera. Goggo ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Sai da aka sake ɗauka, domin dariyarsu ta ɓata na farko.

Da aka gama mai na'ura ya ce, "Malam, zan iya ƙara mata kauri, ba wanda zai gane kai ne."

Darakta ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa.

"Bar ta yadda take," in ji Mai Katifa.

Ya dawo gida a ƙasa kafin magariba, muryarsa na binsa daga shago zuwa shago. Matarsa na shara a tsakar gida, ta dubi fuskarsa, ta jingine tsintsiya.

"Da taka ka yi."

"Da tawa."

"To, sai mu ga abin da manaja zai ce." Ta turo masa kujera da ƙafa. "Zauna ka yi mini yadda ka yi. Ba za mu rasa aikin kuma in rasa dariyar ba."

Ya zauna. Ƙafar tana kaɗawa har yanzu, amma ya gyara murya.