Na Sa Sirrin Baƙona A Shafin Intanet

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. A shekarun da zan ba da labarinsu ni dillalin shanu ne a karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi. Ban gaji sana'ar ba, da jan igiya na fara, ina bin manya a baya har na gane saniya mai lafiya daga tafiyarta. Iyalina suna Gumel, amma na gina gida a Maigatari mai faɗin zaure da turke, domin makiyayan da ke kawo shanu daga ƙasar Damagaram. A wurina suke sauka, su ci tuwona, ni in sayar musu, in tsaya wa mai saye da mai sayarwa. Wannan saukar baƙi ita ce jarina. Ba na jin akwai wanda ya taɓa cutata a ciniki, kuma ina alfahari da hakan.

Wani ɗan'uwan matata yana Kano yana tsara wa 'yan kasuwa shafukan intanet. Shi ya ce mini masu saye na Kudu yanzu a waya suke fara duba kaya, in ban shiga ba za a wuce ni. Na auna maganar, na ga gaskiya ce. Ya tsara mini shafi mai kyau da hotunan bijimai da lambar wayata, kuma ciniki ya ƙaru. Na riƙa shiga Kano ina zama a ofishinsa mai sanyi, ina shan shayi, ana nuna mini yawan waɗanda suka leƙa. Birni ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga baya ya ce hoto kaɗai ba ya riƙe mutane, labari suke so, in riƙa rubuta abin da nake gani a sana'a. Na fara da yadda ake duba haƙori da ƙofato. Mutane suka yi ta yabo, ni kuma na riƙa neman abin da zai fi na jiya.

Cikin baƙina akwai wani dattijo Bafulatani mai jajayen shanu, wanda ya fara ba ni amanar dabbarsa tun ina ba kowa ba. Baffa nake ce masa, shi kuma yana tsokanata da cewa Bahaushe mai tumbi ba zai iya bin saniya ko zuwa bakin rijiya ba. A sana'armu kowa ya san makiyayi ba ya faɗin yawan garkensa, ba ya faɗin hanyar da zai bi ko ranar da zai taso. Mai masaukinsa kaɗai yake gaya wa, don a tanadi turke da abinci. Na san wannan sarai. Amma da na zauna rubutu sai na ga kamar hira nake da mutanen Legas da ba su san dajinmu ba. Na rubuta labarinsa don in yabe shi. Na sa hoton garkensa a mashayar da yake yada zango ta wajen Sule Tankarkar, na faɗi cewa yakan kwana can kafin ranar kasuwa, shi da ɗansa kawai, saboda bai yarda da 'yan haya ba. Ba a taɓa yaɗa wani rubutuna kamar wannan ba.

Kafin damina ta faɗi aka tare su a wannan mashaya. Aka kora garken, aka sari ɗansa a kafaɗa, hannun bai sake aiki ba. Har yau ban san ko ɓarayin a shafina suka gani ba, wataƙila sun daɗe suna bibiyarsa. Sai dai wani dillali ya karanta wa makiyaya rubutun a tsakiyar kara, ya nuna musu hoton, kuma a wurinsu magana ta ƙare.

Baffa ya zo gidana bayan an sallami ɗansa daga asibiti. Bai ɗaga murya ba. An kawo masa fura bai taɓa ba. Ya tambaye ni ko lokacin da yake gaya mini hanyarsa akwai wani a zauren ban da ni da shi. Na ce babu. Ya ce to shi da ni ya yi magana, bai san ina da mutane masu yawa haka a aljihu ba. Na roƙe shi ya karɓi shanu daga nawa, ya ce nasa ya san uwar kowace da kakarta, nawa kaya ne. Ya naɗe tabarmarsa da ta daɗe a zauren, ya ɗauki butarsa, ya fita. Sauran baƙin ba su yi mini faɗa ba, ɗaya bayan ɗaya dai suka koma wasu gidaje.

Na je Kano na sa aka goge shafin. Ɗan'uwan matata ya ce namu ya gogu, amma wanda mutane suka kwafa suka tura wa juna babu mai iya kamo shi. Yanzu hatsi nake saye a Gagarawa ina kaiwa Gumel, ana rufa asiri, amma zaurena ba kowa. Na aika manya su ba Baffa haƙuri, ya ce ya yafe don Allah, sai dai ba zai sake kwana inda nake ba. An ce yanzu shanun wasu yake kiwo. Ba na sa ran wani makiyayi zai ƙara sauka a wurina, domin a daji labari irin wannan har jikoki ake gaya wa.

Abin da na gane shi ne, waya tana sa mutum ya ji kamar shi kaɗai ne a ɗaki, alhali a tsakiyar kasuwa yake tsaye. 'Yan'uwana 'yan kasuwa masu buɗe shafuka, ku tallata kayanku, ba laifi. Amma abin da wani ya faɗa muku saboda ya ci tuwonku, ba naku ba ne balle ku wallafa, ko da yabo kuka nufa. Ni yabo na nufa, ga shi ɗan mutane ya rasa hannu.