Waƙar Waɗanda Suka Ƙi Bature

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina, shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai. Na tashi da asuba na dama fura ƙwarya biyu, domin ranar ake gayya a gonar mai gari. Garinmu ƙarami ne, arewa da Barmou a ƙasar Tawa, babana kuma shi ne makaɗin garin. Na iske shi bakin murhu yana gasa fatar gangarsa, yana mitar danshi. Na tsokane shi, na ce ganga ta tsufa, mai ita ya fi ta. Ya yi dariya.

A al'adarmu ba a sa hauya a gonar gayya sai ya buga kiɗan maza, ya rera waƙar kakanninmu da suka ƙi bin Bature, aka kashe su a kan tudu. Mutum ashirin da uku ne, kowa da sunansa da kirarinsa. Shi kaɗai ya san ta duka. Ranar bikin 'yancin kai har Tawa aka kai shi ya rera ta, manya suna tafi. Sau nawa ya ce in zauna in koya, ina cewa waƙar maza ce, kuma gobe ma rana ce.

Da hantsi ganga ta tashi. Maza suka jeru, suka ɗaga hauyoyinsu masu dogayen ƙotoci sama, kamar kowace shekara. Ba mu san masu kaki suna bayan tudu suna farautar 'yan tawaye ba. Sun ji kiɗan yaƙi, sun hango ƙarfe yana walƙiya.

Ina kan hanya da fura a ka, ina jin muryar Baba tana jero sunaye. Sai ƙarar mota. Sai harbi ɗaya. Sai da yawa, kamar gugguru a kasko.

"Ku kwanta! Kowa shi kwanta!" wani cikin 'yan gayya ya yi ihu.

Maza suka zube cikin gero. Baba yana tsaye, ya kai suna na bakwai. Bai daina ba. Ina jin ya zaci in masu kaki sun gane waƙar za su bari, ai ita ce aka yi wa tafi a Tawa. A na tara ganga ta yi shiru.

Na yar da ƙwarya, na isa gare shi da rarrafe. Jini ya jiƙe masa riga. Na ja shi, ya fi ƙarfina.

"Tahi, ɗiyata," ya ce. "Kak ki waiwayo."

Na tafi. Har yau ina jin haushin ƙafafuna.

Da azahar masu kaki suka sa wuta, hayaƙi ya turnuƙe rumbunanmu. Mu mata muka bi kwari, masu goyo a gaba, ƙaya tana yagar zannuwanmu. La'asar ta same mu ƙarƙashin wata aduwa, muna ta nishi. Kwana biyu muka yi kafin mu shiga Tawa, na sauka gidan goggona. Maƙwabta ne suka binne Baba. Ban ga kabarinsa ba sai bayan kaka.

Duk shekara in bikin 'yancin kai ya zo, rediyo yana ta waƙar mazan jiya. Namu ba sa ciki. Na bi tsofaffin garin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce babanki ne ya sani. Cikin ashirin da uku, tara nake da su, waɗanda na ji a hanya da fura a kaina. Sha huɗu sun bi shi.