Ƙarar Bindigar Katako, Daga Zuba Zuwa Orozo

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Kubwa, gari bai gama wayewa ba. Mu huɗu ne a cikin tsohuwar motar da muka ɗauka shata: ni, da abokina wanda ya ba da umarnin fim ɗin, da mai ɗaukar hoto, sai direba. A but ɗin motar akwai majigi, da lasifika biyu na aro, da ƙaramin janareta, da farin ƙyalle. Kwamfutata kuwa a kan cinyata na riƙe ta, ban yarda an haɗa ta da janareta ba.

Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba: tun da na gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, sai abokin nan nawa ya jawo ni cikin wani ɗan fim ɗin yaƙi da ya daɗe yana burin yi. Labarin wasu sojoji ne da suka rabu da rundunarsu a daji, suna neman hanyar gida ɗauke da ɗan'uwansu da aka harba. Kuɗi ba mu da su. Bindigogin na katako ne, kafinta ya sassaƙa, muka shafe su da baƙin fenti, kuma a wurin ɗauka da baki 'yan wasa suke harbi. Ni aikina sauti. Wata da watanni na yi ina haɗa ƙarar harbin daga nokawut ɗin da yara ke fasawa, da dukan kwanon rufi, da fasa leda. Ƙarshen wata za a tura fim ɗin wata gasa, kuma abokina bai ɓoye min ba: za mu gwada shi a gaban mutanen da ba za su ji nauyinmu ba, in sautin ya zama abin dariya zai karɓe aikin ya ba wani mai situdiyo a Wuse. Ban ga laifinsa ba. Sai dai tun bayan kwalin digiri wannan ne abu na farko da zan nuna in ce ni na yi, na kuma ƙudurta ba zan sake shi da arha ba.

Zuba muka fara. Titin da safe babu laifi, sai dab da kasuwa inda manyan motoci suka cinye rabin hanya. Ƙamshin abarba da tsamin ruɓaɓɓen lemo su suka fara yi mana maraba. Ayaba da agada jibge kamar an rushe gini, kankana an jera ta har ta fi tsayina. Farashi, in ban yi kuskure ba, bai wuce rabin na unguwarmu ba, amma fa sai in za ka sayi tuli. Na taya ayaba 'yar kaɗan, mai kayan ya dube ni ya ce in ɗauka kawai, kada in ɓata masa safiya. Muka karya da shayi da burodi a tsaye.

Wani gidan kallon ƙwallo muka samu, tunda da hantsi babu wasa. Direbobi ne da masu dako da 'yan kasuwar da cinikinsu ya lafa suka cika bencina. Da farko shiru. Ana soma harbi sai wani daga baya ya ce, “Wannan yaƙi ne ko gugguru ake soyawa?” Ɗakin ya kwashe da dariya. Na sunkuyar da kai kamar mai gyara waya. Can wani direba ya taɓa abokina.

“Oga darakta, wannan mai jan hula ba shi ya mutu ɗazu ba?”

“Ƙaninsa ne,” in ji abokina.

“To Allah ya ji ƙan gidan nan. Duka fuska ɗaya, duka ba su da sa'a.”

Gaskiya mutum ɗaya ne, sau da dama muka kashe shi saboda ƙarancin 'yan wasa. Abin da zan faɗa don adalci shi ne babu wanda ya fita. Har wani dillali ya leƙo yana kiran masu dako cewa mota ta iso, suka ce ya jira su ga ko mai raunin zai kai gida. Na so in ɗauki wannan a matsayin nasara, amma ban tabbata tawa ce ba. A mota abokina lemo kawai yake ɓarewa. Da ya yi faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Daga nan muka miƙa Gwagwalada ta Tungan Maje. Gonakin masara kore shar a gefen hanya, ga hadari yana haɗuwa yana watsewa. Zafin Gwagwalada kuwa ko damina ba ta karya shi ba. Muka ci sakwara da miyar agushi a wata rumfa, mai abincin ta ga majigi ta tambaya ko wa'azi muka zo yi.

Wasu ɗalibai ne suka samo mana ɗaki kusa da jami'a. Su ba su yi dariya sosai ba, wayoyi suka ɗaga suna ɗaukar allon, abin da ya sa abokina ya yi ta motsi a kujera. Da aka gama suka yi ta tambayoyi, rabi Hausa rabi Turanci. Wata ɗaliba ta miƙe ta ce labarin ya yi, amma harbin ba shi da nauyi, a finafinan waje a ƙirji mutum yake jin sa. Na fara yi mata bayanin halin da muka yi aikin. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Sannu da ƙoƙari, amma mu dai masu kallo ne.” Ina ga tana da gaskiya.

A masaukin da muka kama na buɗe kwamfuta tun kafin magariba. Na ninka harbin, na ƙara masa kauri, na sa amsa-kuwwa kamar dutse yana mayar da shi. Washegari da safe na sa wa abokina abin ji a kunne, ya ɗan zabura, ya ce, “To, a gwada a Orozo.” Wannan ce dama ta ƙarshe, mu duka mun sani.

Tafiyar Orozo doguwa ce: Giri, hanyar filin jirgi, Lugbe, mu ratsa cikin gari mu fita ta Nyanya. Masu shigowa aiki sun yi cirko-cirko a ɗaya hannun, mu masu fita muka wuce su salin-alin, direba yana ɗaga musu hannu. Bayan Karu da Jikwoyi titin ya matse, 'yan acaɓa sun fi motoci yawa, ramuka cike da ruwa ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Muka sayi gasasshiyar masara, kuɗin ɗaya a Kubwa a nan ya ba mu biyu.

A wata gona bayan Orozo muka ɗauki yawancin fim ɗin. Mai gonar dattijuwa ce 'yar Gbagyi, Mama muke ce mata, ita ta riƙa dafa mana doya lokacin ɗauka, mun kuma yi mata alkawarin kawo mata ta gani. Ita ta roƙar mana ɗakin taron unguwa, za a fara bayan la'asar. Muka tarar ana share ɗakin, sai muka ajiye lasifikan a bakin ƙofa, suna kallon titi.

Ni mutum ne mai tsoron abin aro. Na ce gara in gwada wurin da ya fi ƙara tun yanzu, kada lasifikar mutane ta fashe a gaban jama'a. Na tayar da janareta, na kai fim ɗin wurin kwanton ɓauna, na danna.

Bai fi numfashi biyu ko uku ba na kashe, amma kafin nan layin ya watse. Masu talla sun bar farantansu, wani mai shago ya ja ƙofarsa, 'yan acaɓa suka juya kan babura. Wata mata mai sayar da gyaɗa ta kwanta rub da ciki a ƙasa, hannuwanta a kan keyarta, ta ƙi tashi ko da aka ce mata fim ne. 'Yan banga suka iso da sanduna, suka ɗauke janareta, suka tasa mu gaba zuwa wurin mai unguwa.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya bari muka gama gaisuwa da ban haƙuri, sannan ya ce, “Mutanen layin nan da yawa ba yawo ya kawo su Abuja ba. Gudu suka yi daga garinsu. Wannan ƙara da kuka saka, sun san shi. Ku kwashe kayanku, Allah ya kiyaye hanya.”

Abokina ya yunƙura zai tashi. Ni kuwa kunya ta gama rufe ni, amma na ga in muka tafi haka, abin da muka kawo wa Orozo ke nan, kuma aikina ya ƙare a kan tsorata mutane. Na ce, “Ranka ya daɗe, in na cire harbin gaba ɗaya fa?”

Mama, da ta biyo mu wurin, ta sa baki. “Baba, yaran nan sun ci abinci na. Bindigan su katako ne, na gani da ido na. Wauta ne kawai.”

Mai unguwa ya dube ni. Daga ƙarshe ya yarda, da sharaɗi: ni da na kunna, ni zan bi layin ƙofa-ƙofa in ba da haƙuri, in gaya wa kowa abin da za a nuna, wanda ba ya so kada ya zo. Shi kuma zai zauna kusa da wayar lasifika. “Na ji tau ɗaya, da hannu na zan zare.”

A hanya abokina ya raɗa min, “Fim ɗin yaƙi babu harbi? Ka san abin da kake yi?” Na ce ban sani ba sosai. Abin da na sani shi ne sautin hawa-hawa na jera shi, murya daban, takun ƙafa daban, iska daban, harbi daban, don haka ana iya rufe ɗaya a bar saura. Na rufe, na bi fim ɗin da abin ji a kunne daga farko har ƙarshe don kada wani ya tsere min. Sannan na bi layin. Wasu sun amsa da dariya, wasu ba su ɗago kai ba. Mai gyaɗar tana tsince kayanta daga ƙasa, na durƙusa na taya ta.

'Yan banga suka kawo janareta, aka toshe tagogi da barguna, ɗakin ya cika, ko da yake ba maƙil ba. Mai gyaɗar ta zo, amma a bakin ƙofa ta tsaya da farantinta. Da Mama ta ga gonarta a allo ta buga guɗa, mutane suka yi ta nuna duwatsun da suka sani. Aka zo wurin kwanton ɓauna. Sojoji suna faɗuwa, ba ka jin komai sai ciyawa tana karyewa, da haki, da wani yana kiran sunan ɗan'uwansa. Ni kaina da na naɗi muryoyin nan ban taɓa jin su haka ba, harbi ya danne su. Mai jar hula ya sake mutuwa, babu wanda ya yi dariya. Wata ta ce “Yesu” a hankali, wani a gefena yana innalillahi. Hannun mai unguwa yana kan waya, bai motsa ba. Mutum biyu ko uku sun fita, ban san dalilinsu ba, ban kuma tambaya ba.

Ba a yi tafi ba da aka gama. Muna naɗe ƙyalle mai gyaɗar ta matso kusa da ni.

“Ɗana, wannan da aka harba, sun kai shi gida ko?”

“Sun kai shi.”

“Sun yi ƙoƙari. Mu ba mu iya ɗauko namu ba.”

Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ta ce amin, ta ɗora farantinta a ka ta tafi.

Muka kamo hanyar gida, Mama ta cika mana but da doya, janareta ya dawo hannunmu. Wannan karon ma mu ne muke kallon cunkoson masu komawa Nyanya daga ɗaya hannun. Da muka kusa Kubwa abokina ya ce ba tare da ya juyo ba, “Wanda muka nuna yau za mu tura. Kai za ka ƙarasa shi.”

Aikin ya tsaya a hannuna ke nan, duk da cewa abin da na fi shan wahala a kansa shi ne ya fita. Ba zan ce fim ɗin ya fi kyau yanzu ba. Wataƙila a Zuba su ce ina yaƙin, wataƙila ɗalibar nan ta ce an ƙara rage nauyi. Abin da tafiyar ta koya min shi ne masu kallo ba ɗaya ba ne, kowa da abin da yake shigowa da shi ɗakin, kuma ya kamata mutum ya tambaya kafin ya kunna wa jama'a ƙarar bindiga, ko da ta katako ce. Aiki kuma ya ƙaru. Da harbi ya kau, ana ji sarai cewa ɗaya daga cikin sojojinmu silifas yake sanye da su. Jibi in sha Allahu zan koma gonar Mama da takalmin aro in sake naɗar takun, amma sai na fara biyawa ta gidan mai unguwa.